Asalin Digirori da Takardun Shaidar Koyar da Ingilishi a Matsayin Harshe na Biyu

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2025, kundin da ya tsara tafiyar da mulkin ƙasar Nijar ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ambaci Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. An daɗe ana koyar da Ingilishi a makarantun ƙasar tun daga ajin farko na kwaleji, amma a matsayin darasi ɗaya cikin darussa. Harshen aiki kuwa yana bukatar malamai masu yawa, da masu horar da su, da masu duba aikinsu. Saboda haka masu tsara al'amuran ilimi za su riƙa cin karo da takardu iri-iri: digirin masta na wata jami'ar Ingila ko Amurka, da takardar CELTA ta horon mako huɗu, da difloma ta DELTA, da CAPES irin ta tsarin Faransa, da NCE ta Nijeriya, har da takardun da ake samu ta intanet cikin ƴan kwanaki. Dukansu suna ɗauke da sunan koyar da Ingilishi, amma ba abu ɗaya suke shaidawa ba.

Wannan maƙala ta bi tarihin waɗannan takardu domin nuna cewa daga tushe uku suka fito, watau jami'a, da makarantun harshe masu zaman kansu, da hukuma. Kowace an ƙirƙiro ta ne domin biyan wata bukata, a wani wuri, ga wani irin malami. Wanda ya san bukatar da ta haifar da takarda, shi ne zai san iyakar abin da take iya shaidawa.

1. Harshe na biyu da baƙon harshe

Masana Birtaniya sun saba rarrabe yanayi biyu. Ana cewa Ingilishi harshe na biyu ne a ƙasar da ake mulki da shari'a da karatu da shi alhali jama'a suna da nasu harsunan, kamar Nijeriya da Gana da Indiya. Ana cewa baƙon harshe ne a inda ɗalibi ba ya saduwa da shi sai a cikin aji, kamar Faransa da Japan. A Amurka kuwa, kalmar harshe na biyu ta fi nufin halin baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, waɗanda suke jin Ingilishi a titi da kasuwa kullum. Ɗan Maraɗi da ɗan Katsina harshen uwa ɗaya gare su, amma a makaranta ɗan Katsina da Ingilishi yake karatun lissafi, ɗan Maraɗi kuwa yana isowa ga Ingilishi ne bayan Hausa da Faransanci. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin kowace takardar shaida tana da irin ajin da masu tsara ta suka hanga.

2. Mafari: daga 1886 zuwa 1939

Tunanin cewa koyar da harshe sana'a ce mai bukatar horo na musamman ya faro ne daga masana ilimin furuci. A shekarar 1886, Paul Passy, wani Bafaranshe malamin Ingilishi, ya kafa ƙungiyar malaman harshe a birnin Paris, wadda daga baya ta zama ƙungiyar ilimin furuci ta duniya. Ita ce ta fito da abajadin furuci wanda haruffa masu ƙugiya irin su ɓ da ɗ suke cikinsa. Ra'ayin waɗannan mutane shi ne magana ce asalin harshe, don haka dole malami ya san yadda ake furta sautuka kafin ya shiga aji.

Ana ganin tasirinsu a jarrabawar ƙwarewa a Ingilishi da jami'ar Kembirij ta fara yi a 1913. An shirya ta ne domin baƙi masu son koyar da Ingilishi a makarantun ƙasashensu. Awa 12 ake yi ana rubuta ta, kuma ta ƙunshi ilimin furuci, da adabi, da insha'i, da shifta, da hira, da fassara tsakanin Ingilishi da Faransanci ko Jamusanci. Mutum uku suka zauna mata a wannan shekara, ba wanda ya ci. Abin lura a nan shi ne, wannan takarda ta farko an yi ta ne domin malamin da Ingilishi ba harshensa ba ne, kuma an ɗauka cewa iya fassara yana cikin abin da ya kamata ya mallaka.

Mutanen da suka aza harsashin fannin kuwa a cikin aji suka koyi aikin. Harold Palmer ya fara koyar da Ingilishi a garin Verviers na Beljik a 1902, ba tare da digirin jami'a ba. Yaƙin duniya na farko ya koro shi Landan, inda Daniel Jones ya jawo shi sashen ilimin furuci na jami'a, ya riƙa ba da lacca a kan hanyoyin koyar da harshe. A 1922 ya tafi Japan a matsayin mai ba ma'aikatar ilimi shawara, ya kafa cibiyar bincike a can a 1923. Michael West shi kuma a Bangal ya yi aiki, a kwalejin horon malamai ta Dakka. Ya lura cewa yara da yawa suna barin makaranta kafin su ƙare, don haka ya ce kamata ya yi kowace shekarar karatu ta bar wa yaro wani abu mai amfani ko da bai ci gaba ba, kuma iya karatu ne ya fi cika wannan sharaɗi. Daga nan ya rubuta littattafan karatu masu ƙayyadaddun kalmomi, aikin da ya kai ga jerin kalmomi kimanin 2000 da aka buga a 1953. Masu aikin yaƙi da jahilci za su gane wannan tunani, don kuwa irinsa ne suke aiki da shi.

A cikin shekarun 1930 ne cibiyar ilimin koyarwa ta jami'ar Landan ta buɗe kwas na horar da malaman Ingilishi na ƙasashen waje a hannun Lawrence Faucett. An kafa hukumar British Council a 1934, kuma ita ce ta zama babbar mai ɗaukar irin waɗannan malamai aiki.

3. Hanyar jami'a

Yaƙin duniya na biyu ne ya shigar da fannin cikin jami'a sosai. A 1941, lokacin da gwamnatin Amurka take neman kusantar ƙasashen Latin Amurka, Charles Fries ya kafa cibiyar koyar da Ingilishi a jami'ar Mishigan. Fries masanin kimiyyar harshe ne, kuma ƙa'idarsa ita ce a gina darasi bisa kwatanta tsarin Ingilishi da tsarin harshen ɗalibi. Abokin aikinsa Robert Lado ya faɗaɗa wannan ƙa'ida a littafin da ya fitar a 1957. Misalinta a Hausa a bayyane yake. Hausa ba ta rarrabe p da f, kuma ba ta jera baƙaƙe a farkon kalma, shi ya sa bread ta zama burodi. Malamin da ya san wannan zai san inda ɗalibinsa zai yi tuntuɓe tun kafin ya buɗe baki. Mujallar da aka fara bugawa a Mishigan a 1948 ita ce ta yaɗa sunan sabon fannin, watau kimiyyar harshe a aikace.

A Birtaniya ma abin ya bi wannan hanya. A 1946 A. S. Hornby ya fara fitar da mujallar koyar da Ingilishi ta British Council. A 1948 jami'ar Landan ta naɗa Bruce Pattison farfesa a wannan fanni. A 1957 aka buɗe makarantar kimiyyar harshe a aikace a jami'ar Edimbara, a ƙarƙashin J. C. Catford, domin ƙwararrun malamai da masu horar da malamai na ƙasashe daban-daban. Sauran cibiyoyi suka biyo baya: ta Washinton a 1959, da ƙungiyar duniya ta masana fannin da aka kafa a garin Nancy na Faransa a 1964, da ƙungiyar TESOL ta Amurka a 1966, da takwararta ta Birtaniya, wadda aka sani daga baya da IATEFL, a 1967.

Daga wannan tushe digirin masta na koyar da Ingilishi ya fito. Darussansa sun haɗa da ilimin furuci, da nahawu, da nazarin yadda mutum yake koyon harshe na biyu, da tsara manhaja, da shirya jarrabawa, sa'an nan a rufe da kundin bincike. A Birtaniya shekara ɗaya akan yi, kuma da yake an tsara shi ne domin waɗanda suka riga suka daɗe a aji, sau da yawa ba ya ƙunsar gwajin koyarwa. A Amurka yakan kai shekara biyu, kuma yawanci akan haɗa da gwajin. Ke nan digirin masta yana shaida sanin harshe da sanin bincike, amma ba kullum yake shaida cewa wani ya taɓa ganin mai shi tsaye gaban ɗalibai ba.

4. Taron Makerere

A watan Janairu na 1961, ƙasashen Kwamanwel suka yi taro a kwalejin Makerere ta Yuganda a kan koyar da Ingilishi a matsayin harshe na biyu. Lokacin samun ƴancin kai ne, makarantu suna ƙaruwa, malamai sun yi ƙaranci. Taron ya mai da hankali ga horar da malamai da samar da ƙwararru daga Birtaniya. Bayan shekara 31, Robert Phillipson, a littafinsa na 1992 a kan mamayar harshe, ya nazarci rahoton taron ya tsamo ra'ayoyi biyar da ya ce su ne ƙashin bayansa: cewa Ingilishi ya fi koyuwa idan ba a sa wani harshe a aji ba, cewa malamin da ya fi dacewa shi ne wanda ya sha harshen a nono, cewa gara a fara da wuri, cewa yawan sa'o'i shi ne yawan nasara, da cewa amfani da sauran harsuna yana rage ingancin Ingilishi. Phillipson ya ce duka biyar ɗin kuskure ne. An yi ta muhawara a kan fassarar da ya yi wa rahoton, amma ba a musun cewa waɗannan ra'ayoyi sun yi rinjaye a fannin shekaru da yawa.

Sun yi rinjayen ne kuwa alhali akwai wata hanyar a buɗe. Tun 1953 hukumar UNESCO ta ba da shawarar a fara karantar da yaro da harshen uwa. A 1966 aka yi taron Bamako na daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1970 aka fara gwajin karatun firamare na shekara shida da Yarbanci a Ife, a 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Sai dai masu wannan aiki da masu horar da malaman Ingilishi kowa hanyarsa ya bi, kuma takardun shaidar koyar da Ingilishi ba su ɗauki wani abu mai yawa daga gwaje-gwajen ba.

A wannan zamani ne kuma aka fara aiko da matasa ƴan sa-kai. Ƙungiyar VSO ta Birtaniya ta fara a 1958, Peace Corps ta Amurka a 1961. Ƴan Peace Corps sun iso Nijar a 1962, kuma koyar da Ingilishi ne aikin rukuninsu na farko. An dakatar da shirin a ƙasar a 2011. Horon irin waɗannan matasa gajere ne, domin an ɗauka cewa harshen da suka zo da shi daga gida ya wadatar.

5. Hanyar gajeren horo

Tushe na biyu daga kasuwa ya fito. John Haycraft da matarsa Brita sun buɗe makarantar Ingilishi a garin Kordoba na Ispaniya a 1953, suka koma Landan a 1959, makarantar ta zama International House. Da suka rasa malaman da suka iya aji, sai suka shirya nasu horon a 1962, na mako biyu. Tsarinsa mai sauƙi ne: da safe a nuna dabara, da rana mai neman horo ya gwada ta a kan ɗalibai na gaskiya, malaminsa da abokansa suna kallo, bayan darasi a zauna a faɗa masa inda ya gyara da inda ya ɓata. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Hukumar jarrabawa ta RSA ta fara ba da takardar koyar da Ingilishi ga gogaggun malamai a 1967, sa'an nan a 1978 ta ɗauki tsarin Haycraft ta mai da shi takardar share fage ta mako huɗu. A 1988 takardun suka koma hannun hukumar jarrabawa ta Kembirij, a 1996 kuma takardar share fagen ta sami sunan CELTA. Sharuɗɗanta su ne horo na aƙalla awa 120, da awa 6 na koyarwa a gaban mai dubawa, da awa 6 na kallon gogaggun malamai, da rubuce-rubuce huɗu. Ba a neman digiri kafin a shiga. Kwalejin Trinity ta Landan tana da irin wannan takarda, wadda a cikinta ake koya wa mai neman horo wani harshen da bai taɓa ji ba na ƴan sa'o'i, domin ya ɗanɗana halin ɗalibinsa. Sama da waɗannan akwai difloma ta DELTA domin gogaggu, wadda aka raba ta kashi uku tun 2008, kuma hukumomin Birtaniya suka aje ta a matakin masta, ita kuwa CELTA mataki biyu ƙasa da haka.

Tarihin waɗannan takardu yana nuna wanda aka yi su dominsa. A shekarun 1980 hukumar RSA tana da takardu biyu daban, COTE da DOTE, domin malaman ƙasashen waje, ban da waɗanda take ba ƴan asalin harshen. Sai a ƙarshen shekarun 1990 aka haɗa difloma biyun ta zama DELTA guda. Ajin da CELTA ta hanga ƙaramin aji ne na manya, waɗanda suka biya kuɗi da kansu, suka fito daga ƙasashe daban-daban, malaminsu bai jin harshen ko ɗaya daga cikinsu. A irin wannan aji tilas ne a yi komai da Ingilishi. Abin da tilas ta haifar sai ya koma ƙa'ida, aka ɗauke ta aka kai ƙasashen da malami da ɗalibai duka harshe ɗaya suke ji.

Da intanet ta yaɗu, sai kamfanoni suka shiga sayar da takardu masu sunan TEFL ko TESOL. Waɗannan sunaye ba mallakar wata hukuma ba ne, kowa yana iya buga su a takarda. Wasu kwasa-kwasan suna da inganci, wasu kuwa karatu ne kawai da amsa tambayoyi a kwamfuta. Abin da yake rarrabe su shi ne tambaya biyu: shin an ga mai takardar yana koyar da ɗalibai na gaskiya, kuma wace hukuma ce daga waje take duba kwas ɗin?

6. Hanyar hukuma

Tushe na uku shi ne izinin da gwamnati take bayarwa na koyarwa a makarantunta. A Amurka, dokar shige da fice ta 1965 ta kawo baƙi masu yawa, aka yi dokar karatu da harshe biyu a 1968. A 1974 kotun ƙoli, a shari'ar Lau da Nichols da ta shafi yara ƴan asalin Sin a San Faransisko, ta yanke cewa ba yaron da ba ya jin Ingilishi littafi da malami iri ɗaya da sauran yara bai zama daidaito ba. Daga nan jihohi suka shiga fitar da lasisin koyar da Ingilishi a matsayin harshe na biyu, kowace da sharuɗɗanta. Digirin masta shi kaɗai ba ya maye gurbin wannan lasisi, kamar yadda CELTA ba ta ba mutum matsayin malamin makarantar gwamnati a Ingila.

A Faransa an kafa CAPES a 1950. Jarrabawar gasa ce ta ɗaukar ma'aikata, wadda ma'aikatar ilimi take ƙayyade yawan gurabenta, kuma ta daɗe tana ba adabi da tarihin al'umma da fassara ƙarfi, gwajin aji ya biyo bayan an ci. Ƙasashen da Faransa ta mallaka sun gaji wannan tsari. A Nijar, jami'ar Yamai, wadda ta faro a 1971 kuma ta ɗauki sunan Abdou Moumouni a 1992, ita ce ta riƙa fitar da masu lisansi a Ingilishi, babbar makarantar horon malamai ta ENS kuma tana horar da masu koyarwa a kwaleji da lise. Hukumar CAMES, wadda aka tsai da shawarar kafa ta a Yamai a 1968, an ba ta aikin daidaita digirori tsakanin ƙasashe, a 2007 kuma ƙungiyar UEMOA ta amince da tsarin lisansi, masta da dokta. Awon da wannan tsari yake yi na shekarun jami'a ne, don haka takardar mako huɗu ba ta da gurbi a cikinsa komai ingancinta. A Nijeriya kuwa, rahoton kwamitin Ashby na 1960 ne ya share hanyar manyan kwalejojin malamai da takardar NCE ta shekara uku.

7. Komawa ga harshen ɗalibi

Mafi rinjayen masu koyar da Ingilishi a duniya ba su sha shi a nono ba. Peter Medgyes, ɗan ƙasar Hangari, ya nuna a littafinsa na 1994 cewa irin wannan malami yana da nasa fifikon: ya bi hanyar da ɗalibinsa yake bi, ya san wuraren wahala, kuma yana iya bayani da harshen da ɗalibin yake ji. A 1998 aka kafa rukunin waɗannan malamai a cikin ƙungiyar TESOL. Ma'aunin harsuna na Majalisar Turai, wanda aka fitar a 2001 da matakai shida daga A1 zuwa C2, ya ba da damar auna iya harshen malami ba tare da tambayar inda aka haife shi ba, kuma ƙarin da aka yi masa a 2018 ya ba iya isar da saƙo daga wani harshe zuwa wani muhimmanci. A 2005 Kembirij ta fito da jarrabawar TKT, wadda take auna sanin dabarun koyarwa, amma ba ta auna aikin aji. Da haka fannin ya dawo kusa da inda jarrabawar 1913 da ƙa'idar Fries suka tsaya, watau sanin harshen ɗalibi yana cikin kayan aikin malami.

Kammalawa

Abu uku ake nema ga malamin harshe: ya iya harshen, ya san tsarinsa da yadda ake koyonsa, ya kuma iya riƙe aji. Jarrabawar ƙwarewa tana auna na farko, digirin masta na biyu, gajeren horo mai gwaji na uku, izinin hukuma kuwa yana ba da matsayin aiki. Babu takardar da ta tara su duka, saboda haka daidaita ɗaya da ɗaya bisa suna kawai yana iya sa a ɗauki wanda bai dace ba, ko a kashe kuɗin karo ilimi a inda ba a bukata.

Abin da tarihin yake nunawa ga masu tsarawa shi ne: guraben masta sun fi dacewa da waɗanda za su horar da malamai, su rubuta manhaja, su shirya jarrabawa. Abin da ya fi daraja a tsarin Haycraft, watau koyarwa a gaban mai dubawa da tattaunawa bayan darasi, ba ya bukatar tafiya Landan, ana iya yawaita shi a makarantun horon malamai na gida. Takardar da ba ta da gwajin aji ba za a lissafa ta a matsayin shaidar iya koyarwa ba.

Akwai kuma abu na huɗu da babu wata takardar waje da take aunawa, watau koyar da Ingilishi a babban aji mai ƙarancin littattafai, ga yaran da suke tunani da Hausa ko Zabarmanci ko Fillanci ko Barbarci ko Buzanci, kuma suka saba karanta haruffan boko da furucin Faransanci. Michael West ya rubuta a kan koyarwa cikin irin wannan ƙunci tun 1960. A ɓangaren Hausa kayan aikin suna nan, daga ƙamus ɗin Bargery na 1934 zuwa nahawun Paul Newman na 2000. Abin da ya rage shi ne masana harsunan ƙasa su mai da wannan ilimi darussan kwatanta harsuna, a sanya su cikin sharuɗɗan takardar malamin Ingilishi tun kafin a fara ɗaukar malamai da yawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.